"BAYAN NAN, INA KUMA KA NEMA?": TAMBAYAR DA KE ƊAURE BAKIN YARANMU A GABAN KWAMITI

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito aka shiga hada-hadar neman gurbi, akwai tambaya guda da ke rikita yaranmu masu neman likitanci da jinya da sauran karatun lafiya fiye da duk wata tambayar kimiyya. Yaro zai zauna gaban kwamitin intabiyu, a tambaye shi aikin zuciya ya faɗa, a tambaye shi yadda ake kamuwa da zazzaɓin cizon sauro ya zuba bayani tiryan-tiryan. Can sai wani dattijo a ƙarshen tebur ya sauke tabarau ya ce: "To yaro, bayan nan ina da ina kuma ka nema? In can suka ɗauke ka, barin mu za ka yi ko?" Shi ke nan, baki ya mutu. Wani ya hau rantsuwa wai nan kaɗai ya nema a duniya. Wani ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Wani kuma ya kwance bakin jaka ya zazzage komai, har da sunan kawunsa da ya yi masa alkawarin magana da wani babba.

Dukkansu ukun sun yi kuskure a ganina. Abin da nake so in faɗa wa ƙannenmu da 'ya'yanmu na Ikara da Makarfi da Kudan shi ne: neman wuri fiye da ɗaya ba laifi ba ne, ba kuma abin ɓoyewa ba ne. Ka faɗi gaskiya a gajarce, ka dawo da magana kan abin da ya kawo ka teburin da kake zaune. Su kuma masu kwamiti ina da magana da su, za ta zo a gaba.

Da farko a gane inda ake gamuwa da wannan tambaya, don wani zai ce ai jami'o'in gwamnati ba sa intabiyun baki kafin su ba da likitanci. Haka ne, galibi makin JAMB ne da tantancewar bayan JAMB da sakamakon WAEC ko NECO ke yanke hukunci. Amma yaron da ke neman likitanci ba a ƙofar jami'a kaɗai yake tsayawa ba. Makarantun jinya da ungozoma da yawa suna kiran waɗanda suka ci jarrabawar shiga su zo intabiyu. Hukumomin ba da tallafin karatu suna yi, musamman in za a tura yaro ƙasar waje. Jami'o'i masu zaman kansu wasu suna yi. Har attajiri ko ɗan majalisar da zai ɗauki nauyin yara goma daga mazaɓarsa, sai ya kafa ɗan kwamiti a makarantar firamare a zauna a tace. A duk waɗannan wurare tambayar tana fitowa.

Me ya sa yaranmu ke watsa ƙugiya ko'ina? Lissafi ne kawai. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita ce a bakin ƙofarmu. Daga Hunkuyi zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, asibitin koyarwarta na Shika kuwa kusan kowane gida a yankin nan ya taɓa kai mara lafiya can. Amma ABU ba tamu ba ce mu kaɗai. Duk Arewa nan take kallo, har da Kudu. Jami'ar tarayya ce, tana bin ƙa'idar rabon gurbi ta kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Sannan hukumar da ke kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta iya horarwa, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Ko shugaban jami'a ƙaninka ne, ba zai ƙirƙiro kujera ba. Haka abin yake a jami'ar jihar Kaduna da aka kafa a 2004 mai amfani da asibitin Barau Dikko, haka yake a Bayero ta Kano mai asibitin Malam Aminu Kano. Yaro zai ci maki mai kyau cikin 400, makin da a wani kwas ɗin da gudu za a karɓe shi, amma a likitanci a ce masa bai kai ba, ga ilimin halittu ko kimiyyar sinadarai in yana so.

To uban da ya sayar da buhunan masara ko ya kai mazarƙwaila kasuwa ya biya kuɗin JAMB, kana so ya zuba ido shekara ta wuce a banza? Dole ya ce a saya wa yaro fom ɗin jinya, a saya na kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke nan Makarfi, a cike na tallafin karatu, duk wanda Allah Ya sa ya faɗo a kama. Ɗan mai kuɗi in ya rasa bana zai zauna a gida a ɗaukar masa malamin darasi, ko a tura shi Masar. Ɗan manomin Paki ko Gazara ko Likoro in ya rasa bana, gona ce ke jiransa ko acaɓa, yarinya kuwa maganar aure ce za ta taso kafin wata JAMB ɗin ta zagayo. Wannan ba rashin sanin abin da ake so ba ne. Hankali ne.

Saboda haka abu na farko, yaro ya cire wa kansa jin cewa an kama shi da laifi. Wannan jin ne ke sa murya ta yi rawa.

Na biyu, ya san abin da mai tambayar ke nema. Ba duka ne 'yan mugunta ba. Akwai wanda damuwarsa ta gaskiya ce: kujerun ƙidayayyu ne, in ya ba ka ɗaya ka yi wata biyu ka tsere, an rufe rajista, kujerar ta tafi a banza alhali ga wata yarinya can da ita ce kaɗai mafitarta. Akwai wanda yake so ya ji ko ka san bambancin aikin da kake nema da wanda ka rasa, domin jinya ba ƙaramin likitanci ba ne, sana'a ce mai zaman kanta. Akwai wanda kawai yake gwada ka ya ga yadda kake yi in an matse ka, tunda gobe dangin mara lafiya za su matse ka fiye da haka. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, mai neman dalilin da zai rage layi. Ba za ka san wanne ne a gabanka ba. Abin daɗin shi ne amsa ɗaya ce ke yi wa dukkansu.

Kafin in zo kan amsar, bari in tsaya kan ƙarya, don ita ce shawarar da ake yawan ba yara a gida da majalisa: "Kai dai ka ce musu nan kaɗai ka nema." Wallahi wannan shawara tana kashe yara. Ka manta takardun da ka miƙa suna gabansu? Silif ɗin JAMB yana ɗauke da makarantun da ka zaɓa da kwas ɗin da ka cike. Mutum yana kallon takarda an rubuta likitanci a ABU zaɓi na farko, kai kuma kana rantsuwa tun kana firamare ba ka da burin da ya wuce zama ma'aikacin lafiyar al'umma. Daga wannan lokaci duk abin da ka faɗa an daina saurare. Tun 2017 kuma JAMB ta kawo tsarin CAPS, inda ake ba da gurbi ta intanet, yaro ya shiga ya karɓa ko ya ƙi, komai a rubuce. Zamanin da za ka riƙe takardar shiga biyu a aljihu ba wanda ya sani yana ƙarewa. Ban da haka ma, yankin nan ƙarami ne. Malamin da ke wannan kwamiti yau, shi za ka tarar a wancan mako mai zuwa, ko abokinsa.

Sannan aikin da kake nema ɗin fa? Aikin lafiya kusan rabinsa rubuta gaskiya ne: ka ba da allura ko ba ka ba da ba, ƙarfe nawa ka auna jini, nawa ka gani. Mai kwamitin da ya san aikinsa yana kallon wannan. Yaron da ya yi ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba don ya tsira, shi ne gobe zai cike takardar mara lafiya da awon da bai yi ba.

Shirun ma ba mafita ba ne. Na ga ana yaɗa wata shawara da aka kwaso daga shafukan Turawa, wai ka ce "ba na son in amsa wannan tambaya." A can tana da gindi. A Ingila, mai neman jami'a ta UCAS yana da zaɓi biyar, huɗu kacal zai iya sa wa likitanci, kuma an tsara abin yadda jami'a ba ta ganin sauran wuraren da ya nema lokacin da take duba takardunsa. A Amurka, tsarin da ke raba sababbin likitoci asibitocin da za su ƙware ya hana asibiti neman ɗalibi ya faɗi sauran wuraren da ya nema. Wato can doka ce ta tsaya wa yaro. Mu nan yaro ɗan shekara 18 daga Saulawa ya dubi sa'an kakansa ya ce ba zai amsa ba? Kafin ya kai ƙofa an rubuta "mara tarbiyya" a gefen sunansa. Kowa ya san haka.

To me zai ce? Ga misali, yaron da ya cike likitanci a JAMB, yanzu kuma yana gaban kwamitin makarantar jinya:

"Ranka ya daɗe, gaskiya ne na cike likitanci a JAMB, kuma har yanzu ba a fitar da sunaye ba. Na nemi nan ne saboda aikin asibiti nake so in yi, ba wai kowane karatu ba. A garinmu ma'aikacin jinya ɗaya ne ke riƙe da asibitin, na ga abin da yake yi, kuma aiki ne da zan yi da zuciya ɗaya."

Ka ga ya amsa. Bai ɓoye ba, bai kuma tsaya jera makarantu kamar mai karanta jerin kayan lefe ba. Jimla ɗaya ga tambayar, sauran duk a kan wurin da yake. Kuma dalilin da ya kawo nasa ne, abin da ya gani da idonsa. Kada ka ari dalilin wani. In babu ma'aikacin jinya a labarinka, kawo abin da ke akwai: haihuwar da aka yi a mota a hanyar Zariya, ko kakarka mai ciwon suga da kake raka wa asibiti. "Ina so in taimaki al'umma" kuwa kowa ya faɗa, tun safe suke jin ta, ta daina shiga kunne.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambaya ta biyu: "In ABU ta kira ka gobe fa?" Nan ne nake saɓa wa mutane da yawa. In ka san har ga Allah za ka tafi, kada ka ce ba za ka tafi ba. Ka ce:

"Yallaɓai, ba zan yi maka alkawarin da ban tabbata zan cika ba. In hakan ta faru zan zauna da mahaifina mu yi shawara. Abin da zan iya alkawari shi ne ba zan riƙe kujera biyu ba; duk abin da muka yanke zan zo in sanar da wuri don a ba wani."

In kuwa ka riga ka yanke cewa nan ɗin kake so, saboda kusa da gida ne, ko kuɗin shekara shida na likitanci ya fi ƙarfin gidanku, ko ka ga shekarunka suna tafiya, to faɗi hakan kai tsaye da dalilinsa. Talauci ba abin kunya ba ne a gaban kwamiti. "Mahaifina ba zai iya ɗaukar shekara shida ba, shi ya sa ko an kira ni can nan zan zauna" amsa ce mai ƙarfi, don kowa a teburin ya san gaskiya ce.

Na san abin da za a ce mini a ƙasan rubutun nan: "Malam, kai kana zaune kana rubutu, yaro ya faɗi gaskiya a hana shi, wanda ya yi ƙarya a ba shi." Ba zan musa ba, yana faruwa. Akwai wata yarinya daga ɓangaren Kudan da na taimaka wa da cike takardu, ta je intabiyu a wata makaranta da ba zan kira suna ba, ta faɗi gaskiya cewa ta nemi likitanci, wata mata a kwamitin ta ce mata, "To 'yata, ki je can ki jira su mana, me kika zo yi mana nan?" Ta fito tana hawaye, sunanta kuma bai fito ba. Ko amsar ce ta jawo ko wani abu daban, Allah masani. Amma a auna duka biyun. Mai gaskiya yana iya rasa wuri ɗaya a hannun kwamiti mai ƙuntataccen tunani. Mai ƙarya yana caca ne a kowane tebur, da takardar da ke ƙaryata shi a ajiye a gabansu. In kuma ta kai ga tallafin karatu, inda ake sa hannu kan yarjejeniya, ƙaryar tana iya bin sa har bayan shekaru, a ce ya dawo da kuɗi.

Tunda na ambaci tallafi, a nan tambayar tana da haƙƙi sosai, kuma yaro ya shirya mata. Mai ba da kuɗi yana da damar ya san ko wani ma yana biya maka, don kada mutum ɗaya ya ci rabon biyu. Kuma wanda za a tura waje, in ya ce yana riƙe da neman gurbi a gida, wannan ba aibu ba ne. Mun ga abin da ya sami ɗalibanmu na likitanci a Yukren a 2022, muka ga na Sudan a watan Afrilun 2023, yadda aka kwaso su a motoci zuwa iyaka, wasu suna shekarar ƙarshe, suka dawo suna neman inda za su ƙarasa. Wanda ya gama a waje ma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya. Duk ɗan kwamitin da ya ga laifin uban da ya ce a bar ƙofa ɗaya a buɗe a gida, bai bi labarai ba.

Akwai abubuwan da ba a tambaye ka ba, kada ka ba da kyauta. Kada ka kushe wata makaranta don ka faranta wa wannan. Wataƙila wanda ke gabanka can ya yi karatu. Kada ka ce "ai nan ɗin na riƙe ne kafin babban ya fito", ko da wasa. Kada ka ambaci wanda ya tsaya maka. In aka ci gaba da tono, ana so ka jera suna da maki da wanda ka sani a can, kana iya cewa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, duk suna cikin takardun da na miƙa, kuma ba wanda ya ba ni amsa tukuna." Ka yi shiru daga nan. Yara da yawa shirun daƙiƙa biyar ne ke firgita su su fara zuba. Bar shi ya yi rubutunsa.

Yanzu ga masu zama a kwamiti, waɗanda da yawansu yayyenmu ne kuma abokanmu, wasu ma suna karanta wannan. Don Allah ku duba wa wannan tambaya take kayarwa. Ɗan birni da ya yi makarantar kuɗi an koya masa yadda ake zagaye ta da Turanci mai santsi. Wanda take kamawa shi ne yaron makarantar gwamnati ta ƙauye, wanda bai taɓa zama gaban manya huɗu suna kallonsa ba, wanda aka rene shi a kan cewa ba a haɗa ido da babba. Wato ba amana kuke aunawa ba, gogewa kuke aunawa. Kuma shi wannan na ƙauyen shi ne wanda in ya gama zai yarda ya zauna a asibitin Gimi ko Auchan, inda ɗan birnin ba zai kwana biyu ba. In tsoronku kujera ta tafi a banza ne, maganinta a ofis yake: ku fitar da jerin masu jiran gurbi tare da jerin farko, ku sa ranar ƙarshe ta biyan kuɗin karɓa, wanda bai zo ba a kira na gaba. In kuma dole sai kun yi tambayar, ku yi wa kowa ita iri ɗaya, ku gaya wa yaro tun farko cewa amsarsa ba za ta rage masa maki ba. Za ku sha mamakin yawan gaskiyar da za ku ji.

Ni a raina ma tambayar da ta fi amfani ita ce "me ka sani game da aikin da kake nema?" Wanda ya zo rakiya a nan ake gane shi, ba sai an tona inda ya nema ba.

Iyaye kuma, ku yanke shawara da yaro tun a gida kafin ranar. Yawancin yaran da ke daburcewa ba su san amsar ba ne da gaske, domin ba a taɓa zama da su an ce "in wannan da wannan suka fito tare, wanne za mu ɗauka?" ba. Baba yana son a kira shi baban likita, inna tana son abin da za a gama da wuri, yaro yana tsakiya. Ku zauna ku yi lissafin kuɗin, shekara shida ga kuma shekarar horon asibiti a bayanta, a gefe guda kuma shekarun jinya ko na kwaleji, ku tsayar da magana. Wanda ya san matsayar gidansu ba ya rawar murya.

Ƙungiyoyin ɗalibai na Ikara da Makarfi da Kudan da ke ABU da KASU, ga aiki nan mara tsada. Ku ari aji ɗaya a makarantar sakandare ranar Asabar, ku jera tebur, mutum uku su zauna a matsayin kwamiti, a samu ma'aikacin jinya ɗaya ko likita daga babban asibiti ya zauna da ku. A shigo da yaro shi kaɗai, ya yi sallama, ya zauna, a yi masa tambayar nan da Turanci kamar yadda za a yi masa a can, a matse shi, ya amsa, a gyara masa, ya fita ya sake shigowa. 'Yan mata a samo musu mace a teburin. Wanda zai shirya na Ikara ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan zo da kaina in zauna a kujerar dattijo mai tabarau.